Kyautar ranar haihuwa a ofis: Mutum ake karramawa ko ƙabilarsa ake yi wa shaguɓe?

A yawancin ofisoshin gwamnatin tarayya da ke Abuja, da wuya wata ya ƙare ba a yanka kek ba. Sanarwa takan fito a zauren WhatsApp na sashe cewa wane ko wance za su ƙara shekara, sai a yi karo-karo, a wakilta mutum ɗaya ko biyu su shiga kasuwar Wuse ko wani kanti su sayo kyauta. Idan ranar ta zo a taru a ofishin darakta, a yi addu'a, a miƙa ƙunshi, a ɗauki hoto. Baƙuwar al'ada ce, domin kakanninmu da yawa ba su riƙe ranar da aka haife su ba balle su yi mata biki, amma ta samu wurin zama a aikin gwamnati, har wanda aka manta da ranarsa yakan ji a ransa.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne abin da ke cikin ƙunshin. Wanda aka aika sayen kyauta sau da yawa bai san mai bikin ba sai sama-sama. Ya san sunansa, ya san matakinsa, ya kuma san jiharsa da ƙabilarsa. Idan dabara ta ƙare masa, sai ya koma ga abin da ya ji ana faɗa a kan mutanen wannan yanki. Ta haka ne Bahaushe yake tashi da ƙwaryar goro, Bafulatani da sanda da malfa, Batibi da ƙullin doya, mutumin kudancin Kaduna kuma da ƙoƙon shan burkutu, ana miƙawa ana ƙyalƙyala dariya. Shin wannan karramawa ce, ko kuwa tsohuwar gori ce aka naɗe da takarda mai ƙyalli?

Garin da sunansa ma na aro ne

Domin a ga nauyin tambayar, yana da kyau a dube ta daga wani gari da ya ba aikin gwamnati manyan mutane, wato Fadan Kagoma, a Ƙaramar Hukumar Jama'a ta Jihar Kaduna, tsakanin Kwoi da Kafanchan. Mutanen wannan ƙasa suna kiran kansu Gwong, sarkinsu kuma Kpop Gwong. Kagoma sunan da Hausawa suka san su da shi ne, kalmar fada ma Hausa ce. Haka abin yake ga maƙwabtansu. Waɗanda aka daɗe ana ce wa Kataf sunansu Atyap, Kaje su ne Bajju, Jaba su ne Ham, Kaninkon su ne Nikyob, Kadara kuma Adara. Shekaru da dama waɗannan al'ummomi suka yi suna fafutukar a kira su da sunan da suka raɗa wa kansu, a takardun hukuma da kafafen yaɗa labarai.

Wannan fafutuka tana da tushe a tarihi. Masarautar Jama'a, wadda aka kafa a farkon ƙarni na 19, tana bin Zazzau ne, kuma a wancan zamani hare-haren kamun bayi sun taɓa ƙabilu da yawa na yankin. Da Turawa suka zo suka shimfiɗa mulkinsu ta hannun sarakuna, sai aka ci gaba da gudanar da ƙasashe irin su Kagoma a ƙarƙashin masarauta, da hakimai da alƙalai da masu karɓar haraji waɗanda galibi ba 'yan ƙasar ba ne. Koke-koken ƙananan ƙabilu irin waɗannan na daga cikin abin da ya sa aka kafa Hukumar Willink a 1957. Bayan samun 'yancin kai ma raunin bai warke ba. Rikicin da ya faro daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a watan Maris na 1987, da na Zangon Kataf a 1992, da wanda ya biyo bayan zaɓen 2011, duk sun ci rayukan Kirista da Musulmi, sun kuma bar wa kowane ɓangare kalmomin da ba ya son ji.

Saboda haka idan ɗan Fadan Kagoma ya buɗe ƙunshi a gaban abokan aikinsa ya tarar da ƙoƙon burkutu, ko ɗan mutum-mutumin kare ko alade, abin da yake ji ya wuce raha. Yana jin amon kalmar “arne”, wadda aka daɗe ana jifan iyayensa da ita. Mai ba da kyautar wataƙila bai taɓa karanta wannan tarihi ba, kuma zai iya rantsuwa cewa wasa yake yi. To amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai kuma wani kuskure a cikin irin wannan zato, wato rashin dacewarsa da mutumin da ke tsaye a gabanka. Ɗimbin mutanen kudancin Kaduna mabiya cocin ECWA ne, wanda ya samo asali daga mishan ɗin SIM da ya kafu a wurare irin su Kwoi da Kagoro tun farkon ƙarni na 20, kuma koyarwarsa tana tsananta hani ga shan giya. Ana iya miƙa ƙoƙon burkutu ga dattijon coci wanda bai taɓa kai ta bakinsa ba. A yankin akwai Musulmi 'yan asalin ƙabilun, akwai kuma waɗanda aka haifa a barikin soja a Legas ko Inugu, waɗanda ba su san hanyar gona ba.

Biyu daga fitattun 'ya'yan Fadan Kagoma sun isa misali a kan yadda zato yake ɓatar da mai shi. Patrick Ibrahim Yakowa, wanda aka haifa a garin a 1948, ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya shafe shekaru a aikin gwamnati na jiha da na tarayya, ya zama Sakataren Gwamnatin Jihar Kaduna, sannan Mataimakin Gwamna a 2005. A 2010 ya zama Gwamna bayan an ɗauki Namadi Sambo Mataimakin Shugaban Ƙasa, ya ci zaɓe a 2011, ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Jihar Bayelsa ranar 15 ga Disamba, 2012. Taken da aka san shi da shi a siyasa Hausa ne tsantsa: Na Kowa. Na biyu shi ne Bishop na farko na ɗarikar Katolika a Kafanchan, Joseph Danlami Bagobiri, wanda ya rasu a 2018. Wanda ya ji Ibrahim zai iya ɗauka Musulmi ne, wanda ya ji Bagobiri zai iya kai shi Sabon Birni ko Tsibiri. Idan suna da kansa yana iya yaudarar mai saurare haka, ina ga jita-jitar da ake yi a kan abin da wata ƙabila take ci ko take sha?

Tsangwamar ba ta ɓangare ɗaya ba ce. Ma'aikaci Bahaushe da aka ba kwanon bara da sunan wasa, ko aka rubuta masa “aboki” a kan kek, ya san abin da ake nufi. Bafulatanin da aka ba bindigar roba ta yara a wannan zamani na garkuwa da mutane, an ɗora masa laifin da bai ji ba bai gani ba, a ranar da aka ce tasa ce. Ma'aikaciya Ibo da aka ba asusu ana cewa ai ku da kuɗi sai Allah, ita ma an shafe shekarun da ta yi tana aiki an bar ta da tambarin ƙabila. Wanzami dai ba ya son jarfa, kuma mafi yawan masu yin irin wannan raha su ne farkon ɓata rai idan aka juyo da ita kansu.

Ai muna da wasan barkwanci

Hujjar da aka fi kawowa ita ce, ƙasar nan ta gaji wasa tsakanin ƙabilu, kuma wanda ya hana shi ya kashe zumunci. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Fulani da Barebari abokan wasa ne, haka Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarabawa, Fulani da Tibi. A cikin dangi akwai taubasai, 'ya'yan mace da 'ya'yan namiji, waɗanda har kuɗin shara suke karɓa a lokacin Cika-ciki. A Jamhuriyar Nijar an ɗauki wannan al'ada da muhimmanci ƙwarai, har hukumar UNESCO ta sanya ta cikin jerin al'adun gado na bil'adama a 2014.

Sai dai wasan barkwanci yana da dokoki, kuma su ne suke hana shi zama zagi. Gadonsa ake yi, kowa ya san wane ne abokin wasansa da wanda ba shi ba. Ɓangarorin biyu suna da damar ramawa daidai wa daida. Babarbare zai ce Bafulatani bawansa ne, Bafulatani ya mayar masa nan take, a tashi ba wanda ya fi wani. Masanin halayyar al'umma Radcliffe-Brown, a rubutunsa na 1940 a kan irin wannan dangantaka, ya bayyana ta a matsayin rashin kunyar da al'ada ta ba wa izini, wadda aka wajabta wa wanda aka yi wa kada ya yi fushi. Izinin nan shi ne ginshiƙi.

A ofis kuwa babu wanda ya gaji wasa da wani. Takardar ɗaukar aiki ce ta haɗa mutane, ta kuma jera su mataki-mataki. Jami'in da ke mataki na 08 ba shi da bakin rama wa darakta, domin daraktan ne zai sa hannu a takardar auna ƙwazonsa, shi zai amince masa da hutu, shi zai sa sunansa ko ya cire a jerin masu zuwa kwas. Dariyar da ƙaramin ma'aikaci yake yi idan an miƙa masa kyautar gori, sau da yawa dariyar dole ce. Haka kuma tsakanin Bahaushe da mutumin Gwong ko Atyap, kalmar bawa ko arne ba ta da rigar wasan da take da ita tsakanin Bafulatani da Babarbare, saboda a nan abin ya taɓa faruwa da gaske, kuma akwai waɗanda kakanninsu suka ba su labari.

Ita kanta kyauta tana ƙara ɗaure mai karɓa. Masanin nan na Faransa, Marcel Mauss, ya nuna a 1925 cewa kyauta a kowace al'umma tana tafe da wajibai uku: bayarwa, karɓa da ramawa. Bahaushe ya riga ya san haka, shi ya sa yake cewa yaba kyauta tukuici, shi ya sa kuma mata suke riƙe lissafin biki. Baƙar magana ana iya mayar da ita, ko a yi kamar ba a ji ba. Kyauta kuwa sai an miƙa hannu biyu an karɓa, an yi godiya, an tsaya an yi hoto da ita. Wanda ya ƙi karɓa shi za a kira mai girman kai. Ga shi kuma hoton zai shiga zauren WhatsApp, daga nan ya bazu inda mai shi bai zata ba.

Yadda abin yake a wasu ƙasashe

Abin da ya mai da ƙoƙo ko goro abin zargi shi ne tarihin da aka rataya musu, kuma kowace ƙasa tana da irin nata. A Amurka kankana da soyayyar kaza abinci ne da kowa yake ci, amma miƙa su ga baƙar fata a matsayin kyauta a wurin aiki yana iya jawo ƙara. Bayan an soke bauta a 1865, 'yantattun bayi da yawa sun riƙa noma kankana suna sayarwa domin su tsaya da ƙafafunsu. Sai masu adawa da 'yancinsu suka mai da ita abin izgili a zane-zane da katunan gaisuwa da wasannin kwaikwayo, suna nuna baƙar fata a matsayin malalaci mai kwaɗayi. A 1997, da Tiger Woods ya lashe gasar golf ta Masters, wani ɗan wasa mai suna Fuzzy Zoeller ya yi raha cewa a gaya masa kada ya sa a dafa soyayyar kaza a liyafar zakaru ta baɗi. Ya ce wasa yake yi, ya kuma nemi gafara, amma kamfanin Kmart ya yanke hulɗar talla da shi. A Turai ayaba ce take ɗauke da irin wannan dafi. A 2014 wani ɗan kallo ya jefi Dani Alves na Barcelona da ita a filin Villarreal, ƙungiyar ta haramta masa shiga filinta har abada.

Darasin da dokokin waɗannan ƙasashe suka ɗauka shi ne, kyakkyawar niyya kaɗai ba ta wanke mutum. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta ce ana duban manufar abin da aka yi ko kuma tasirinsa, wato ko ya zubar da mutuncin wanda aka yi wa, ko ya mai da masa wurin aiki wurin ƙasƙanci. Tana kuma la'akari da yadda shi ya ji, da yanayin da abin ya faru, da ko hankali zai yarda cewa abin ya kai ya yi wannan tasiri.

Me dokokinmu suka ce?

Babu wata doka a Najeriya da ta lissafa abin da za a saya wa abokin aiki ranar haihuwarsa, amma akwai tanade-tanaden da suka kewaye batun. Sashe na 15 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya haramta nuna bambanci saboda asali ko jinsi ko addini ko ƙabila ko harshe, sashe na 42 kuma ya ba kowane ɗan ƙasa kariya daga irin wannan bambanci a dokoki da ayyukan hukuma. Sashe na 14(3) shi ne tushen tsarin raba daidai, wanda ya sa ake tara 'yan kowace jiha a ma'aikata ɗaya, aka kuma kafa masa hukuma ta musamman a 1996. Ƙasar da ta ɗora wa kanta wahalar haɗa ɗan Fadan Kagoma da ɗan Daura da ɗan Oweri a ofis guda, ba ta yi haka domin su riƙa tuna wa juna gorin kasuwa ba.

Gyaran da aka yi wa kundin a 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, a sashe na 254C, hurumin sauraron ƙararrakin nuna bambanci a wurin aiki. Najeriya ta kuma amince da yarjejeniya ta 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 2002, sannan ta amince da ta 190 a 2022. Wannan ta biyun ta shafi cin zarafi da tsangwama, ko sau ɗaya aka yi ko an maimaita, kuma ta haɗa har da tarukan nishaɗi da ke da alaƙa da aiki da saƙonnin da ma'aikata suke aika wa juna ta waya. Ke nan walimar yanka kek da zauren WhatsApp na sashe ba su fita daga da'irar aiki ba.

Akwai wani tanadin da ya shafi hadimai da manyan jami'ai kai tsaye. Ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke Jadawali na Biyar na kundin sun hana jami'in gwamnati karɓar wani abu saboda aikin da ya yi ko ya ƙi yi, sun kuma taƙaita kyautar da zai karɓa ga ta dangi da abokai, gwargwadon abin da al'ada ta sani. Wannan yana tuna mana cewa karo-karon da ake tilasta wa ƙananan ma'aikata domin sayen babbar kyauta ga shugaba, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake Naira 70,000, shi ma abin dubawa ne.

Ba duk kyautar gida ce gori ba

Kada a fahimci cewa duk abin da ya fito daga al'adar mutum haramun ne a ba shi. Mutane da yawa suna alfahari da kayan gidansu. Batibi yakan yi murna da zanen gargajiyarsa mai ratsin baƙi da fari. Ɗan ƙabilar Ham zai iya jin daɗin kwaikwayon sassaƙen Nok, wanda aka fara tonowa a ƙasarsu a 1928, ya kuma sa sunan yankin a littattafan tarihin duniya. Mutumin Kagoro da ke kewar bikin Afan na ranar 1 ga Janairu zai so hoton tsaunin garinsu a bangon ofishinsa. Bambancin yana wurin wanda ya zaɓi alamar. Akwai abin da al'umma ta ɗaga da kanta ta ce wannan ne mu, akwai kuma abin da wasu suka liƙa mata domin su yi dariya.

Ko a cikin abin alfaharin ma sai an san mutum. A ɗauki citta, wadda kudancin Kaduna ya fi ko'ina nomanta a ƙasar nan, daga Kaciya zuwa Jaba da Kagarko da Jama'a. Ma'aikacin da kullum yake zancen gonar mahaifinsa, wanda aka ga damuwarsa lokacin da cutar da ta auka wa citta a daminar 2023 ta cinye gonakin yankin, idan aka haɗa masa kuɗin iri an yi masa abin da ba zai manta ba. Amma akantar da aka haifa a Kaduna, wadda abin da ta fi so shi ne karatun littafi, idan aka ba ta buhun citta don kawai takardarta ta nuna Jama'a, an gaya mata cewa shekara biyar ana zaune da ita ba a san ta ba. Citta ɗaya ce, sanin da ke bayanta ne ya bambanta.

Wanda aka wakilta sayen kyauta zai iya auna kansa da tambayoyi kaɗan kafin ya biya kuɗi. Daga bakin mai bikin na san yana son wannan abu, ko daga abin da ake faɗa a kan mutanensu? Da daga wata jiha ya fito, zan saya masa shi? Idan aka ba ni kwatankwacinsa a gaban 'ya'yana, zan ji daɗi? Idan dariyar da ake sa ran yi ta dogara ne ga ƙabilarsa ko addininsa, to a ajiye a nemi wani abu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Shugabannin sassa su ma suna da rawar takawa, kuma ba ta buƙatar kasafi. Ana iya tsayar da kyauta iri ɗaya ga kowa, daga masinja har darakta, ko a ba mutum kuɗin da aka tara ya sayi abin da yake so. A bar karo-karo ya zama na ganin dama. A tambayi mai ranar ko yana son a yi taron ma, domin akwai Musulmi da ba sa bikin ranar haihuwa saboda fahimtarsu ta addini, haka ma Shaidun Jehobah a cikin Kirista. Idan kuma an riga an yi kuskure, mai gyara shi ne babba, ya kira wanda ya sayo kyautar a keɓe ya nuna masa, ya kuma nemi wanda aka ɓata wa ya ba shi haƙuri da sunan sashe. Barin ƙaramin ma'aikaci ya zaɓa tsakanin haɗiye baƙin ciki da a kira shi marar son wasa, zalunci ne a kan zalunci.

Al'ummomin da suka shafe shekaru suna neman a daina ce musu Kagoma a ce Gwong, a daina Kataf a ce Atyap, abin da suke nema shi ne a tambaye su kafin a faɗi ko su wane ne. Ma'aikacin da ke tebur na kusa da naka ma haka yake so, ko daga Kafanchan ya fito ko daga Katsina. Kafin ranarsa ta zagayo akwai wata goma sha biyu, kuma sun isa a san littafin da yake karantawa, ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya, da sunan 'yarsa da ke shirin jarrabawa.